Lallen Amare a Jikin Zane

Wallahi da na ga zanen nan, saura kaɗan tiren gyaɗata ya kife. Ni ce! Ni Sauda mai gyaɗar ƙofar kwaleji, an kafa ni a tsakiyar baje kolin ɗalibai, wai kuma shi ya zo na ɗaya. Sai tafi ake.

Amma fa hannu da ƙafa an yi min jajir da lalle, irin na amare. Matan ƙauyenmu da suka zo kallo har sun fara ƙus-ƙus. Yaya Tasi'u na gefe, fuska a murtuke.

Na kutsa har gaban Abdussalam, mai zanen.

"Kai Malam, wa ya aurar da ni ban sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Fenti ya gagara, Sauda. Bana ko abinci da ƙyar. Da lalle da jar ƙasa na yi shi."

"To me ya kai lallen ƙafata? Gobe a kasuwar Ɗanbatta a ce an ɗaura min aure a ɓoye! Ko ka goge, ko ka san abin yi."

Ya dube ni, ya dubi zanen.

"Ba zan goge ba."

Sai ya juya ya rusuna. "Yaya, yaushe zan sami Baba a gida?"

Yaya ya harare shi, ya harare ni. Ni kuwa dariya ta ƙi ɓoyuwa.

"Bayan la'asar. Ka taho da kawunnanka. Ke kuma rufe bakin nan, wuce mu tafi."