Keken Da Ya Ƙi Kawo Wuta

Sarkin Wuta ya zare fulogin, ya goge bakinsa da tsumma, ya jingina shi a jikin inji.

"Juya feda," ya ce.

Dogon mutumin da ya turo keken ya ɗaga tayar baya ya juya. Ko ƙyas, babu tartsatsi.

Keke ne irin wanda ake ɗaura wa ƙaramin inji a tsakiya, da ɗan tankin mai a sama. An shafe shi da koren fenti sabo fil, har warinsa na tashi, sirdin ma an sake masa riga. Mai keken wata mata ce siririya, tana zaune a kan bencin garejin. Maza biyu ne suka rako ta, dogo da gajere, ta ce ƙannen mijinta ne.

"Gado na ci," ta ce. "Duk garejin da ke kan titin nan na je, kowa ya taɓa ya ce ya gagara. Aka ce in zo wurinka."

Makanikin ya yi dariya. "Baiwar Allah, da kin fara da nan da kin huta. Ba gado na yi ba ake ce mini Sarkin Wuta."

Ya jawo akwatin kayan aiki, ya ture wata doguwar wuƙa gefe, ya ɗauko sabon fulogi ya gwada. Shiru. Ya cire hular fulogin, ya yanke kan wayar inda ya yi tsatsa, ya mayar. Shiru. Ya kwance ƙaramin baƙin akwatin da ke rarraba wuta, ya sa nasa na gwaji wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Nan ma shiru.

Matar ba ta ko kalli injin ba. Hannuwansa take bi da ido, duk inda suka je.

Rana ta take. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya buɗe murfin gefen inji, ya duba kwayil, ya goge maganaɗisun da samfefa, ya daidaita tazarar da ke tsakaninsu. Ya raba wayar makunnin kashe inji da ke kan kan keken, ko ita ce ke shanye wutar. Komai lafiya lau, amma keken ya yi kememe kamar jakin da ya ga rami.

Mai faci da mai walda, maƙwabtansa, suka leƙo.

"Yau kuma sarki ya rasa wuta?" in ji mai walda. "In ara maka ashana?"

Aka kwashe da dariya. Matar ba ta yi ba. Ƙannen mijinta ma haka. Gajeren ya tashi daga benci ya koma bakin ƙofa ya tsaya, wai zafi ya dame shi.

Ran Sarkin Wuta ya ɓaci. Mutum ne da ba ya ɗaukar raini, kowa a layin ya san haka, shi ya sa maƙwabtan suka ja jikinsu da suka ga idonsa ya kaɗa. Ya mayar da komai mazauninsa, yana ɗaure noti yana tsaki.

"Malam, in ya gagara ka faɗa mini," matar ta ce a hankali. "Ba laifi ba ne. Sai in gwada gaba."

"Gagara? Ni?"

Ya ɗora tayar baya a kan ƙarfen tsayawa, ya haye keken da kansa. Ya buɗe mai, ya ja kulochi, ya shiga taka feda da ƙarfi. Ya saki. Injin ya yi gurnani ya mutu. Ya sake. Haka dai. Ya sake takawa, haƙora a cije, hankalinsa duk yana kan dariyar mai walda.

Bai yi tunani ba. Jikinsa ne kawai ya gane zaman. Hannunsa na hagu ya saki kulochi, na dama ya zarce baya, ƙarƙashin sirdi, yatsansa ya shige wani ɗan lungu a bakin bututun ƙarfe, ya danna.

Injin ya kama da ƙara. Hayaƙi ya cika garejin.

Ya daka tsalle ya sauko, yana haki yana washe baki. "Kin gani? Ina masu dariya? Ku zo ku gani!"

Babu wanda ya zo. Gajeren ya riga ya jawo ƙofar ƙarfen, ya sa sakata. Dogon ya sunkuya ya ɗauke akwatin kayan aikin, har da wuƙar, ya ajiye a bayansa.

Murmushin Sarkin Wuta ya fara dusashewa. Ya dubi keken, wannan karon da kyau. A inda sifanarsa ta kankare koren fentin, ja ne a ƙasa, jan da ya sani.

Matar ta miƙe tsaye. Ta zo ta kashe injin da hannunta, ba gaggawa, ta jira ƙarar ta lafa, don kada ko kalma ɗaya ta wuce shi.

"Mijina ne ya ɓoye maɓallin nan saboda ɓarayi, ya bi da wayar ta cikin ƙarfe," ta ce. "Da aka gano keken aka dawo mini da shi, na sauya masa fenti. Mu uku muka san da maɓallin a duniya. Ni, da mijina, sai wanda ya hau keken ya tafi da shi daga inda aka tsinci gawarsa."