Kaset Marar Rubutu

Sunan mahaifiyar Baba aka sa min, shi ya sa Ummi yake kira na. Shekarata goma sha ɗaya lokacin da wata ƙawata a unguwar Waziriyya, can ƙasa mai tsarki, ta ara min kaset na wani yaron Amurka, tsohuwar waƙa mai jita da tafi. Ba na jin Turanci, amma ta ce yarinyar ajinsu yake so, manya suna cewa sun yi ƙanana. Kafin magariba za ta karɓi abinta.

Na buɗe durowar Baba, na ɗauki kaset ɗin da babu rubutu a jikinsa, na kwafi waƙar a kai.

Ina cikin rawa Baba ya dawo daga unguwar Abhur, inda yake aikin tuƙi. Ya dubi durowar, ya dubi rikodar. Bai kashe ba. Ya tsaya har yaron ya gama shagwaɓarsa, sai muryar wata tsohuwa ta fito: “…ku gaida min takwarata.” Iyakar abin da ya rage ke nan. Saƙon da Kaka ta aiko ta hannun wani alhaji ne, wata biyu kafin rasuwarta.

Baba ya zare kaset ɗin, ya cusa min a hannu.

“Halas, shi ke nan. Riƙe. Daga yau wannan ne uwar tawa.”

Har gobe in na ji waƙar a kanti, fita nake yi. Na tsani muryar yaron nan. Amma ya fi Baba sauƙi: shi minti biyu ya cinye. Baba kuwa, har ya koma ga Allah, bai ƙara kira na Ummi ba, “ke” yake ce min.