Littafin Jagorar Na'urorin Gyaran Famfo

An ba littafin jagorar maki tara cikin goma ranar Talata a Gusau, kodayake Malama Saratu Bawa, wadda aka ɗora wa duba shi, uku ta rubuta.

Littafin ke koya wa na'urorin gyaran famfo yadda za su sanar da inda aiki ya tsaya. Bisa doka, ba a tura mutum sai na'ura ta ce ta kasa. Saratu ta karanta shafi sittin, ta samu "ana jira", "ana kai" da "an gama". Ba ta ga inda za su ce abu ya gagara ba.

"Yallaɓai, famfon ƙauyenmu kwana ɗari biyu yana 'ana kai'," ta ce wa Darakta Tukur. "Innata ruwan kududdufi take sha."

"To ai ana kai, Malama. Kin ga ja, alamar kasawa, a allon rahoton na'urorin nan?"

"Ba a ba su ja ba."

"Littafi ga rubutu tsaf, har da hotuna. Kin cika bin ƙwaƙƙwafi." Ya mai da ukun tara, ya miƙo mata biro.

Har aka tashi daga ofis ba ta sa hannu ba. Ranar Litinin za a raba littafin ga sauran ƙananan hukumomi goma sha uku.