Mai Tsiren da Ya Ce Shi Ke Tsayar da Jirgi

Bari in buga maka misali da wani mai tsire. A zamanin da aka ja hanyar dogo ta cikin kwarin wani babban kogi, leburori sun sha wuya da diga da kwanon sarki, suna fasa dutse suna cike fadama, har dogo ya miƙe yana bin gaɓa duk inda ruwa ya lanƙwasa. Jiragen wancan lokaci masu cin kwal ne, ga su da ƙishirwa, ba sa yin nisa sai sun sha ruwa. To, a daidai wani gurbi mai zurfi wanda ko da bazara ba ya ƙafewa, sai aka kafa tanki a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, aka gina 'yar tasha. Da can ba kowa a wurin sai bukkokin masunta. Amma tunda kowane jirgi, na gyaɗa ne ko na fasinja, dole ya tsaya ya cika cikinsa, sai matafiya su sauko su miƙe ƙafa su nemi abin taɓawa. Kafin a ankara wuri ya zama gari.

Cikin waɗanda suka zo neman abinci akwai wani mahauci da ya kafa tukubarsa a gindin tsamiya, dab da inda taragon farko ke tsayawa. Maganar gaskiya ya iya nama, ƙamshin tsirensa tun daga kan gada yake tarar fasinja. Wata rana direban jirgi yana cikin taunar tsire ya ce masa cikin raha, "Sarkin fawa, ai don naman nan naka muke taka birki." Mutane suka yi dariya suka manta, shi kuwa maganar ta shiga ransa ta yi zaune. Tun daga ranar kansa ya kumbura. Ya ce inuwar tsamiya tasa ce shi kaɗai, ya kori wata dattijuwa mai fura da masu rake da masu dafaffen ƙwai, suka koma cikin rana. In aka yi masa magana sai ya bugi ƙirji ya ce shi ke tsayar da jirgi, duk wanda ke tashar nan arzikinsa yake ci. Mutane suka haɗiye, don ba mai son rigima a wurin neman abincinsa.

Ana nan, shekaru suka tura, sai labari ya zo cewa an kawo sabon kan jirgi mai shan mai, ran Alhamis zai fara bi ta kwarin, yana jan taragai cike da manyan mutane. Mai tsire ya yanka raguna, ya ɗinka sabuwar riga, ya kira makaɗa, ya baza a gari cewa kowa ya fito ya ga yadda manya za su yi layi a tukubarsa. Matarsa ta ce, "Maigida, da ka bari an ga kamun ludayin baƙon nan tukuna." Ya ce mata jirgi jirgi ne, kuma duk mai hanci ya san inda zai tsaya. Ranar Alhamis da hantsi tasha ta cika maƙil. Da dogo ya fara rawa, ya ɗauki babban faranti ya jera tsire, ya ratsa jama'a ya tsaya gaban kowa. Jirgi ya hau gada, ya yi usur, ya taho. Ko rage gudu bai yi ba. Taragai suka yi ta wucewa ta gaban idonsa, iskarsu ta cire masa hula, ƙura ta rufe naman, har na ƙarshe ya ɓace a bayan dutse. Makaɗa suka tsaya da gula a hannu. Ya ce wataƙila birki ne ya ƙi. Washegari ma haka jirgin ya wuce, jibi ma haka. A rana ta uku ne ya ɗaga kai ya dubi tankin nan, cike fal yana ɗiga ba mai sha, ya bi bututunsa da ido har cikin kogi.

Da ma an yi masa dariya, da ya fi masa sauƙi. Kowa ta kansa yake yi, ana kwance rumfuna ana ɗaure kaya za a koma babban gari inda jirgi ke tsayawa. Ya daina bi ta tasha, in ya ji usur sai ya shige ɗaki. Ya daɗe yana juya abin a ransa kafin ya iya saka takalmi ya nufi gidan dattijuwa mai fura don ya nemi gafara. Ya yi sallama, shiru. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ai 'ya'yanta sun zo sun tafi da ita tun kwanan baya, ba a san garin ba. Ya tsaya a ƙofar gidan da maganarsa a baki, ba wanda zai faɗa wa.

Saboda haka in ka ga jama'a na tsayawa a ƙofarka, ka bincika abin da ya tsayar da su kafin ka ɗaga kafaɗa. Hausawa sun riga sun faɗa: albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.