Kitsen Wutsiyar Rago

Yau mijina ya turo kitsen wutsiyar rago gefena a farantin shinkafa.

Wata bakwai yana gadin bakina. Ciwon daji na cin hanjina shiru, amma tsakuwar matsarmama ba ta da kunya: ko maiƙo na lasa, sai ta soke ni ƙarƙashin haƙarƙari har in ciji matashi. Likita ya ce idan allurai suka ci ƙarfin dajin, zai cire ta. Tun daga nan sai dafaffen karas da koren shayi.

Jiya a asibitin birnin Tashkent, kamar yadda aka saba, likita ya kira mijina ciki shi kaɗai, aka bar ni a benci.

"Ci mana, uwar yara," in ji shi, idonsa a ƙasa. "An ce yanzu ba komai."

"To yaushe za a cire tsakuwar?"

Ya gutsuri gurasa, ya kasa kaiwa baki. Nan na gane abin da likita ya faɗa masa.

Wallahi na gaji, ga kitsen sai ƙamshi yake. Na sa yatsa na mayar masa.

"Cinye abinka, baban yara. Ni ina nan ina jiran tiyatata."