Kwanon Baba a Gindin Darbejiya

Baffa Sale ne ya raba ni da mahaifina, kuma har gobe ban yafe ba.

Shekarar da cutar amai da gudawa ta ɓarke, Baba yana aikin goge-goge a wani asibiti a Rano. Ran nan da la'asar ya dawo garinmu Zinyau a keke. Warin maganin wanke ɗakin marasa lafiya ya kama rigarsa, hannuwansa sun tsattsage don wanki. Na ruga zan rungume shi, Baffa ya damƙe ni, ya sa aka kai wa Baba kwanonsa can gindin darbejiya.

Baba ya ce, "Riƙe shi, Yaya. Ni ma tsoron jikina nake yi."

Shi kaɗai ya ci. Cutar ba ta kama shi ba, amma daga ranar ya daina hira, ya daina taɓa kowa, har ya rasu. Yanzu in na shiga asibiti, tsayawa nake ina shaƙar warin nan kamar turare.

Bara na faɗa wa Baffa ido da ido: "Kai ne yayansa. Ko daga nesa ai ka ce masa sannu."