Ruwa Ya Shiga Kwantena

Ina aji biyar na firamare Baba ya kai ni wani ƙaramin gidan zane-zane a unguwar Al Quoz, a ƙasar Larabawan da muke zaune, kusa da siton da yake loda kaya zuwa Kano. Duk hotunan wurin na gonaki ne da duwatsu da koguna.

Baba ya tsaya gaban wani hoton gona da hadari a samanta. Launin ya nashe a gefe, takardar ta ɗan lanƙwashe. Ya girgiza kai.

"Kai, an cuci mutanen nan. Ruwa ya shiga kwantenarsu. Bari in gaya wa baiwar Allahn can su canja mai yi musu lodi."

Ya nufi matar da ke kula da wurin. Ni kuwa na riga na karanta bayanin da ke ƙasan hoton. Ban taɓa yi wa Baba gyara ba, ko a gida ban cika magana ba. Na riƙe hannun rigarsa.

"Baba, ba lalacewa ya yi ba. Da ruwa ake yin sa. Mai zanen ne ya jiƙa takardar."

Ya dawo, ya gyara tabaransa, ya daɗe yana kallo.

"Da gangan?"

"Da gangan, Baba."

"Ikon Allah! Shi ya sa hadarin nan kamar zai zubo. Haka yake haɗowa daga gabas a garinmu."

Ya matsa gefe, ya sa ni gaba.

"Yalla, mu je, uwata, karanta min na gaba."

Har yau, duk sanda gabana ya faɗi zan yi magana cikin mutane, muryarsa nake ji.